Magungunan Raba Jiki da Tiramol da Kodin

A ranar 1 ga Mayun 2018 gwamnatin Najeriya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai ɗauke da kodin, kwana ɗaya bayan BBC ta fitar da wani binciken sirri kan yadda ake cinikinsa. Tun a 2017 an faɗa a zauren Majalisar Dattawa cewa kwalabe miliyan 3 ake shanyewa kullum a Kano da Jigawa kaɗai. Daga baya binciken ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, wanda ya fito a 2019, ya nuna mutum miliyan 4.6 na shan irin su tiramol ba bisa umarnin likita ba. Haramci ya rage kwalba a kasuwa, amma bai ce komai ba game da wanda jikinsa ya riga ya kamu.

A karkara irin su Gwiwa da Roni da ƙauyukan Kazaure da Babura, da yawa ba da neman maye suka fara ba. Matashi ne zai yi ƙodago a gonar wani tun hantsi har la'asar, ko ɗan acaɓa, ko lebura mai dakon buhu, sai aboki ya miƙo masa ƙwaya ya ce tana kashe gajiya. Tiramol ɗin da hukumar kula da magunguna ta NAFDAC ta amince da shi mai miligiram 50 ne da 100, amma na bayan fage yakan kai 225. Tiramol da kodin da mofin da hiroyin duk dangin ofiyom ne, kuma gurbi ɗaya suke kamawa a ƙwaƙwalwa. In an jima ana sha, ƙwaƙwalwa sai ta sauya tsarinta ta jingina da su. Ranar da aka rasa, ga hamma ba ƙaƙƙautawa, ga hawaye da majina, zufa da sanyi a lokaci guda, ciwon gaɓoɓi, gudawa, barci ya ƙaurace. Wannan azaba ce ke mayar da yaro kemis bayan ya rantse a gaban mahaifinsa cewa ya daina. Ba kullum ne ƙarya ya yi ba, jikin ne ya fi ƙarfin alkawarin.

Akwai magani, kuma ba sabo ba ne. Na farko shi ne metadon. A Jamus aka haɗa shi a ƙarshen shekarun 1930, sannan a 1964 likitoci biyu a birnin New York, Vincent Dole da Marie Nyswander, suka fara ba masu shan hiroyin shi kullum. Shi ma ɗan dangin ofiyom ne, sai dai a hankali yake shiga jiki, a hankali yake fita, don haka sha ɗaya kan riƙe mutum yini da kwana ba maye ba ciwo. A asibitocin da ke ba da shi, majinyaci kan zo da safe, ma'aikaciya ta auna masa ruwan maganin a ɗan kofi, ya shanye a gabanta, ya kama hanyar aikinsa. Dole a sa ido haka, domin metadon da ya wuce kima yana tsayar da numfashi.

Na biyu bufurenofin, ƙwaya ce da ake sa wa a ƙarƙashin harshe ta narke. Yana kama gurbin nan da ƙarfi amma ba ya kunna shi duka, shi ya sa haɗarinsa ga numfashi bai kai na metadon ba. Faransa ta fara amfani da shi sosai a 1996, Amurka a 2002. Yana da sharaɗi guda: ba a fara shi sai alamun rashin ƙwaya sun bayyana, in ba haka ba shi da kansa zai tayar da su. Naltirezon kuwa toshe gurbin yake yi, ko an sha ƙwaya ba za a ji ta ba, amma sai jiki ya yi kwana 7 zuwa 10 babu ita kafin a fara. Sai nalokzon, na ceton gaggawa, wanda ake yi wa wanda ya sha fiye da kima numfashinsa na yankewa. Ga tiramol, nalokzon kan dawo da numfashi amma ba ya hana jijjigar da ƙwayar ke jawowa, don haka asibiti wajibi ne.

Dukkansu wa'adin mallakar kamfanonin da suka ƙirƙiro su ya ƙare, kowane kamfani mai lasisi na iya haɗa su ya sayar da sunan sinadarin, kamar yadda farasitamol yake Panadol ne ba tare da tsadar suna ba. A 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa metadon da bufurenofin cikin jerin magungunan da bai kamata wata ƙasa ta rasa ba. Tanzaniya ta fara ba da metadon a Asibitin Muhimbili na Darussalam a 2011, Senegal ta buɗe cibiyarta a Asibitin Fann na Dakar a ƙarshen 2014. Ke nan talauci ba hujja ba ce.

Dattawa kan tambaya: wannan ba musanya ƙwaya da ƙwaya ba ne? Tambayar tana da tushe, kuma amsarta tana cikin abin da ke faruwa da mutumin. Wanda ke kan metadon ko bufurenofin bisa kulawar likita yana iya noma, ya yi sallarsa cikin hayyaci, ya riƙe iyalinsa, kuma bincike a ƙasashe da dama ya nuna haɗarin mutuwarsa na raguwa da kusan rabi. Wanda aka raba da ƙwaya da ƙarfin tsiya kuwa, juriyar jikinsa sauka take yi, in ya koma ya sha yawan da ya saba sai ta kashe shi. A nan ne haɗarin gidajen mari yake. A Satumbar 2019 'yan sanda sun fito da mutane kusan 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa, a watan da ya biyo aka sake gano wani a Daura, maƙwabciyar Kazaure. Iyaye ba don ƙiyayya suka kai 'ya'yansu can ba, ba su ga wata ƙofa a buɗe ba ne.

Ba kowane mai shan tiramol ne ke bukatar metadon ba. Da yawa likita kan rage musu ƙwayar sannu a hankali, ya haɗa da maganin gudawa da na ciwon jiki, wani lokaci da kulonidin don lafar da zufa da bugun zuciya, tare da nasiha da sa idon dangi. Wuraren da ake ba da metadon a Najeriya har yanzu kaɗan ne ƙwarai, kuma magani ne na zuwa kullum, mutumin Gwiwa ba zai iya jigilar Kano kowace safiya ba. A ganina, muddin ba a kawo shi manyan asibitocin ƙananan hukumomi ba, na mutanen birni ne kawai.

Kafin lokacin, mai ɗa ko ƙane da ya kamu ya nufi asibitin masu larurar ƙwaƙwalwa da ke Kazaure, ko na Dawanau, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ya faɗa wa likita sunan ƙwayar da yawan da ake sha a yini ba tare da ɓoye komai ba. Kada a sayi ko ɗaya daga cikin magungunan nan a kemis ko a hannun mai talla.