Bangaskiya Da Son Zuciya A Bakin Iyakar Jibiya

Ranar Lahadi ce kasuwar Jibiya take ci. Tun da asuba motoci suke kwararowa daga Katsina da Ƙauran Namoda da Maraɗi, wasu ɗauke da gero da wake, wasu da dabbobi, kafin hantsi ya dubi ludayi gari ya cika ya batse. A wannan rana ce kuma Kiristocin garin, waɗanda ba su da yawa a cikin jama'a, suke taruwa a majami'unsu domin sujada. Saboda haka kowane mako akwai ɗan kasuwar da zai tsaya ya zaɓa tsakanin cinikin safe, wanda shi ne mai albarka, da zaman majami'a. Wannan zaɓi ƙarami ne idan aka kwatanta shi da sauran da zaman bakin iyaka yake ɗora wa mutum, amma shi ne ƙofar fahimtar abin da malaman addinin Kirista suke nufi idan suka ce bangaskiya tana sake abin da zuciya take so.

Shi dai garin Jibiya yana arewa maso yamma da birnin Katsina, kuma daga Magama ake ƙetarawa zuwa Ɗan Isa a Jamhuriyar Nijar, a miƙe har Maraɗi. Mutanen ɓangarorin biyu dangin juna ne, domin Katsinawan da suka bar birni bayan jihadi su ne suka kafa sarautar Maraɗi, sai daga baya Ingila da Faransa suka shata iyaka a tsakaninsu. Iyakar nan kuwa ta sha rufewa da buɗewa. An hana shigo da shinkafa ta kan tudu a 2016. A watan Agusta 2019 Gwamnatin Tarayya ta rufe iyakokin ƙasa, a watan Nuwamba kuma aka hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Ba a buɗe ta Jibiya ba sai a watan Afrilu 2022. Bayan juyin mulkin da aka yi a Nijar a watan Yuli 2023 aka sake rufe ta, har zuwa Maris 2024. Duk lokacin da aka rufe hanya, farashi yakan bambanta tsakanin wannan gefe da wancan, fasa-ƙwauri ya yi riba, toshiyar baki ta sami kasuwa. Magidancin da abincin gidansa ya dogara ga wannan hanya, ko Musulmi ne ko Kirista, ya san irin gardamar da ake yi tsakaninsa da zuciyarsa da dare.

Addinin Kirista ya zo wannan yanki da harshen Hausa. Ƙungiyar mishan ta Sudan Interior Mission, wadda aka fara a 1893, ta isa Damagaram a 1924, ta zauna a Tsibiri kusa da Maraɗi a 1927. A wajen Katsina kuwa an san ta da aikin jinyar kutare a Babbar Ruga. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, aikin da Likita Mila na Zariya ya yi fice a kansa. Daga wannan mishan ne ikkilisiyar ECWA ta fito a Nijeriya a 1954. A 2023 kuma aka kafa Dayosis na Katolika a Katsina, aka naɗa Bishop Gerald Mamman Musa, ɗan Malumfashi, ya shugabance shi. Da yawa daga Kiristocin Hausawa na ƙasar Katsina zuriyar Maguzawa ne, kuma kalmar da suka gada domin shiga addinin ita ce tuba. Kalmar ta dace da koyarwar, gama ba a ɗauki shiga addinin a matsayin sauya suna ko sauya ranar ibada kawai ba, abin da ake nema shi ne mutum ya juya daga abin da yake bi a dā.

Abin lura, Linjila ba ta rasa labarin masu aikin bakin iyaka ba. Matiyu yana zaune ne a wurin karɓar kuɗin fito a Kafarnahum sa'ad da aka kira shi ya zama almajiri. Zakka kuwa shugaban masu karɓar haraji ne a Yariko, garin da fatake suke ratsawa, ya kuma yi dukiya da wannan aiki. Luka ya ba da labari cewa bayan Yesu Almasihu ya sauka a gidansa, sai ya yi alkawarin ba matalauta rabin dukiyarsa, ya kuma mayar wa duk wanda ya zalunta ninki huɗu. Masu wa'azi sukan ja hankali a kan cewa babu wanda ya kafa masa wannan sharaɗi, babu alkalin da ya yanke masa tara. Mutumin da ya share shekaru yana tarawa ne ya wayi gari yana son rabawa. Tun kafin wannan ma Yahaya Maibaftisma bai umarci masu karɓar haraji su ajiye aikinsu ba. Ya ce kada su karɓi fiye da abin da aka ƙayyade musu, sojoji kuma su daina ƙwace, su wadatu da albashinsu. Ma'aikacin gwamnati na yau zai ga cewa wannan magana ba ta tsufa ba.

Malamin da ya fi zurfafa bincike a kan sha'awar zuciya ɗan Afirka ne, wato Agustin, wanda aka haifa a 354 ya rasu a 430, yana bishop na Hippo, garin da ake kira Annaba a Aljeriya ta yau. A ganinsa laifi ba ya tsirowa daga son abu marar kyau kaɗai, ya fi tsirowa daga son abu mai kyau fiye da matsayinsa. Kuɗi ba abin ƙi ba ne, haka ci gaba a wurin aiki da son iyali su ƙoshi. Ɓarna tana farawa ne idan aka ɗora ɗaya daga cikinsu a bisa gaskiya da tsoron Allah. Saboda haka maganin ba shi ne a kashe sha'awa ba, sai dai a jera ta bisa tsari, kowane abu a wurinsa. Agustin ya kuma dage cewa mutum ba ya iya wannan gyara da ƙarfin kansa, sai da alherin Allah. Doka takan hana hannu ɗauka muddin ana kallo, amma ba ta hana ido kwaɗayi. Hausawa sun riga sun faɗa, son zuciya ɓacin zuciya.

To, idan zuciya ta fara sakewa, yaya mutum zai rarrabe muryar gaskiya da muryar son rai, alhali kuwa dukansu a cikin ƙirjinsa suke magana? A nan ne ake ambaton Ignatiyus na Loyola, sojan Sifen da harsashin igwa ya karya wa ƙafa a Pamplona a 1521. Yana kwance yana jinya ya lura da wani abu game da kansa. Idan ya yi tunanin suna da ɗaukaka yakan ji daɗi a lokacin, amma bayan tunanin ya wuce sai ya bar shi cikin ƙunci. Idan kuwa ya yi tunanin bautar Allah, natsuwar takan daɗe tare da shi. Daga nan ya tsara ƙa'idojin rarrabewa da Katolika suke koyarwa har yau, cikinsu har da cewa kada mutum ya sauya shawarar kirki da ya riga ya yanke a lokacin da ransa yake cikin duhu, da kuma cewa mugun tunani yana son a ɓoye shi, yana kuwa rasa ƙarfi idan aka bayyana shi ga amintaccen mutum.

Ikkilisiyoyin bishara irin su ECWA ba sa bin wannan tsari da sunansa, amma awon da suke koyarwa a nazarin Littafi Mai Tsarki da taron zumuntar mata da na matasa ya yi kusa da shi. Na farko, a gwada abin da ake so da Maganar Allah, domin abin da ta haramta a fili ba ya bukatar dogon tunani. Na biyu, a yi addu'a, a kuma jira, gama gaggawa abokiyar ruɗi ce. Na uku, a nemi shawarar dattawan ikkilisiya. Na huɗu, a dubi 'ya'yan da abin zai haifa, kamar yadda Manzo Bulus ya lissafa wa Galatiyawa halayen da Ruhu Mai Tsarki yake haifarwa, ya fara da ƙauna ya ƙare da kamun kai.

A ɗauki misalin direban da aka ce ya ɗauki buhunan shinkafa ta ɓarauniyar hanya a ba shi ladan da ya ninka na mako guda, ga kuɗin makarantar yara ya taso. Zuciya za ta kawo masa hujjoji masu kama da gaskiya: kowa yana yi, dokar ba ta yi wa talaka adalci ba, in ya samu ma zai fitar da zakka a majami'a. Awon nan huɗu yakan warware su ɗaya bayan ɗaya. Zai iya faɗa wa matarsa da dattijon ikkilisiya abin da ya ɗauko? Zai yi ƙarya a shingen bincike? Wa zai ba toshiya, kuma me ya mayar da wannan ma'aikaci? Idan aka kama motar, wa zai ci da yaran? Ba a hana shi ganin cewa dokar tana da tsanani ba, yana da damar ya yi kuka da ita ta hanyar ƙungiyarsu da wakilansa. Abin da aka hana shi shi ne ya sa wa kwaɗayi rigar addini.

Wajibi ne a faɗi cewa wannan hanya tana da tsada. Wanda ya ƙi karɓa a ofishin da ake karɓa yakan zama bare a cikin abokan aikinsa, wani lokaci har a yi masa canjin wurin aiki. Danginsa ma sukan ce an ba shi dama ya yi wasa da ita. Akwai kuma haɗarin da fastoci masu hankali suke gargaɗi a kansa, wato mutum ya riƙa cewa Allah ne ya faɗa masa, alhali ransa ne ya faɗa masa. Wa'azin da yake auna bangaskiya da yawan dukiya ya ƙara wa wannan haɗari ƙarfi, domin yana shafa wa kwaɗayi mai maimakon ya yi masa linzami. Shi ya sa tsofaffin ikkilisiyoyi ba sa yarda mutum ɗaya ya zama mai ƙara kuma alkali a kan abin da zuciyarsa take so.

Makwabtansu Musulmi ba baƙi ba ne ga wannan yaƙi. Malamai sun daɗe suna karantar da tsarkake zuciya da yaƙi da son rai, ga istihara da shawara kafin a yanke hukunci, ga kuma tsananin hani a kan mai ba da rashawa da mai karɓa. Addinan biyu sun sha bamban a kan tushen ceto da matsayin Almasihu, kuma babu amfanin a ɓoye wannan. Amma a shingen Magama, inda ake miƙa takarda da wani abu a naɗe a cikinta, tambayar da ke gaban kowannensu iri ɗaya ce.

A watan Fabrairu 2021 aka ƙaddamar da aikin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi, wadda aka tsara za ta ratsa Jibiya. Ciniki zai ƙaru da ita, ma'aikata za su ƙaru, kuma daga cikin ɗaliban da ke makaranta yau ne za a ɗauki waɗanda za su riƙe hatimi da littafin rasit a wurin. Gwamnati tana iya gina shinge ta sa na'urar bincike, amma ba ta da na'urar da za ta leƙa abin da ma'aikaci yake so a ransa. Wannan aiki ne na gida da masallaci da majami'a, kuma gara a fara shi tun yaro bai karɓi albashinsa na farko ba, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.