Hayaƙin bindigar Sallah da neman wutar lantarkin gobe

Duk wanda ya taɓa tsayawa ƙofar fadar Sarkin Damagaram ranar hawan Sallah ya san yadda abin yake: ƴan bindiga su saki wuta, ƙara ta daki ƙirji, hayaƙi ya tashi yana nannaɗewa. Garin ya daɗe da sanin albarushi, don tun ƙarni na 19, zamanin Sarki Tanimun, ake ƙera igwa a Damagaram. Sai dai ko da bindiga ɗaya ce, ɗuri iri ɗaya, hayaƙin harbi biyu ba ya fita da siffa guda. Dalilin hakan yana cikin tambayoyin da manyan ƙasashe ke kashe wa maƙudan kuɗi.

Idan abu ya fashe, yakan tura wani bugu cikin iska wanda ya fi sauti gudu. Wannan bugu kan tarar da iyakar da ke tsakanin iska biyu, ɗaya mai nauyi, ɗaya marar nauyi, kamar hayaƙin albarushi da iskar fili. Da iyakar sumul take, da sai ya ture ta gaba kawai kamar ƙyaure. To amma ba a rasa ɗan tudu da ɗan kwari a jikinta. A kowane lanƙwaso bugun yakan bar juyi irin na ƴar guguwa. Sai mai nauyin ta soki marar nauyin kamar yatsu, kawunan yatsun su naɗe kamar laimar kwaɗi, daga bisani komai ya cakuɗe.

Robert Richtmyer, wani masanin Amurka, ya fitar da lissafin abin a 1960. A 1969 Yevgeny Meshkov ya gwada shi a Tarayyar Sobiyet cikin wani dogon bututu, shi ya sa ake kiran al'amarin da sunayensu biyu.

An daɗe ana zaton cewa da zarar cakuɗa ta kankama, iskar takan manta yadda ta faro. Gwaje-gwaje da lissafin kwamfuta sun nuna ba haka ba ne. Ƙananan lanƙwaso masu kusa da juna su ke fara girma da sauri, amma nan da nan sukan gaji. Masu faɗi kuwa a hankali suke tafiya, kuma su ne ke daɗewa har su mamaye wurin. Ke nan bugu iri ɗaya na iya ba da cakuɗa siririya ko mai kauri, gwargwadon tabon da ya tarar tun farko.

Inda wannan ya zama matsala ta gaske shi ne ƙoƙarin samar da makamashi irin na rana. A cibiyar NIF da ke Kalifoniya, ana harba hasken leza 192 don matse wani ɗan ƙwallo mai faɗin kimanin milimita 2, ɗan uwan ƙwayar gero a girma, wanda aka cika da nau'o'in haidurojin. Ɓawonsa na lu'ulu'u ne. In akwai ɗan kurji a jikin ɓawon, bugun zai mai da shi yatsa, ya kutsa cikin man ya sanyaya shi, wuta ta ƙi kamawa. Hatta siririn bututun da ake ɗura man da shi sai da aka yi ta rage kaurinsa. Faransa ma tana da irin wannan cibiya kusa da Bordeaux.

Ranar 5 ga Disamban 2022 aka dace: leza ta harba megajul 2.05, megajul 3.15 suka fito. Mazauna Damagaram da suka san zafin watan Afrilu ba wuta kada su yi saurin sayen sabuwar fanka. Kunna lezar kaɗai ya ci kimanin megajul 300 daga layin lantarki, kuma tashar wuta ta gaske za ta buƙaci irin wannan ƙwallo marar tabo sau da yawa cikin kowane daƙiƙa.