Yadda kundin ƙaramin ƙauye ke riƙe tarihin iyali: misali daga Faransa

Mutum nawa ne cikinmu zai iya lissafa kakanninsa har bakwai da sunayensu? Da yawa daga kakan kaka sai lissafi ya tsaya. Amma a karkarar Faransa akwai ƙauyukan da ɗan manomi ke iya bin asalinsa shekaru 400 baya, saboda wani kundi da aka ajiye a cocin garin.

A can, a zamanin da, kusan kowane ƙauye na ƙarƙashin coci ɗaya da fada ɗaya, abin da Faransawa ke kira paroisse. Fadan ne ke rubuta wanda aka yi wa baftisma, da wanda ya yi aure, da wanda aka binne. Kundin baftisma mafi tsufa da ya rage a ƙasar na Roz-Landrieux ne, wani ƙauye a yankin Bretagne, kuma ya fara daga 1451. A garin Givry ma akwai wani kundi da ya girme shi, inda aka rubuta mutuwar sama da mutum 600 cikin 'yan watanni a 1348, lokacin babbar annoba. Fadan kuɗin jana'iza yake lissafawa, ga shi yau masana tarihi na auna ɓarnar annobar da rubutunsa.

Daga baya hukuma ta shigo. A 1539 sarki François na ɗaya ya wajabta rubuta baftisma a ƙasar duka, a 1579 aka ƙara aure da jana'iza. A 1667 aka ce kundi ya zama biyu, ɗaya a coci, ɗaya a kotu, don in gobara ko ɓera sun ci ɗaya, ɗaya ya saura. A 1792 kuma, bayan juyin juya hali, aka karɓe aikin daga hannun coci aka ba magadan gari. Wannan tsari na état civil shi ne Turawan mulkin mallaka suka kawo nan Nijar, shi ya sa a ma'aikatar magajin gari muke karɓar takardar haihuwa.

To, yaya mai bincike ke aiki da kundin? Daga kansa yake farawa, ya koma baya. Takardar auren kakansa za ta ba shi sunan iyayen ango da na amarya, da ƙauyen da suka fito. Da wannan sai ya nemo haihuwar kowanensu, inda zai ga sunan iyaye, sau da yawa har da sana'ar uba. Haka zai yi ta bi, tsatso bayan tsatso. Akwai wahala kam: fada na rubuta suna yadda kunnensa ya ji, sai ka tarar da sunan gida ɗaya iri uku. Kuma ko kundi biyun ba kullum yake tsira ba. A Paris, gobarar 1871 ta cinye duka biyun. A yau ma'ajiyar takardun tarihi ta mafi yawan jihohin Faransa ta ɗora hotunan waɗannan kundaye a intanet, kowa na iya dubawa.

Mu nan ba mu da kundi mai tsawon wannan, amma ba mu rasa madogara ba. Akwai rajistar magajin gari, akwai takardun haraji da ke hannun maigari da sunayen magidanta, akwai abin da malamai suka rubuta da ajami suka adana cikin gafaka. A Yamai, ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa na riƙe da rahotannin rangadin kumandan zamanin Turawa, cibiyar bincike ta IRSH kuma na da tsofaffin rubuce-rubucen Larabci da ajami. Sannan ga dattawa, waɗanda ke lissafi da sunan shekara. In tsoho ya ce an haifi babansa a Kakalaba, yunwar 1913 zuwa 1914 yake nufi. In uwa ta ce ta haihu shekarar El Buhari, 1984 ke nan.

Abin ya wuce sha'awar tarihi. Ranar rabon gado ko rikicin iyakar gona, wanda ya san wane ya haifi wane shi ke da hujja. Yaron da ba a yi wa takardar haihuwa cikin wa'adi ba kuwa, sai an bi ta kotu kafin ya samu, wani lokaci ma jarrabawa ta ƙarato.

Saboda haka, duk mai dattijo a gida ya samu littafi ko wayar salula ya zauna da shi. Ya rubuta suna da laƙabi, da garin da aka taso, da wanda ya sari gona, da wanda ya gina rijiya. Ya yi kwafi biyu, ɗaya ya ba ɗan'uwa a wani gida. In kuma an yi haihuwa, a je a kai rahoto wurin rajista tun ana shirin suna.