Tasirin jirgin ƙasa da kasuwar gyaɗa a kudancin Kano

Tasirin jirgin ƙasa da kasuwar gyaɗa a kudancin Kano shi ne sauyin da ya samu noma da fatauci da zamantakewar jama'a a yankin da yanzu ya ƙunshi ƙananan hukumomin Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa, tun daga shekarar 1912 da aka buɗe layin dogo zuwa Kano. Cikin ƙasa da shekara hamsin, yankin ya tashi daga cinikin ayari da kuɗin wuri zuwa noman sayarwa da kuɗin Turawa, inda farashin abin da manomi ya noma ya koma hannun masana'antun Turai da bai taɓa gani ba.

Kafin zuwan jirgi

Kasuwanci ba baƙon abu ba ne a ƙasar Kano kafin Turawa. Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa tufafin da ake fitarwa daga birnin sun kai darajar wuri miliyan 300 a shekara. Ba a cikin birni kaɗai ake yin aikin ba. Mata na kaɗi a gidaje, masaƙa na saƙa a ƙauyuka, marina da mabuga kuma na garuruwa irin su Kura.

Bebeji na kan hanyar fatake masu zuwa Zariya da Nupe har Gwanja, inda ake sayo goro. Hugh Clapperton ya bi ta garin a 1826, ya kuma ƙiyasta mutanensa tsakanin 20,000 zuwa 25,000. Can kudu, wajen Tudun Wada da Riruwai, labarin daban ne: daji ya fi gonaki yawa, hare-haren Ningawa a ƙarni na 19 kuma sun sa mutane sun takura a garuruwa masu ganuwa. Riruwai ta yi suna wajen haƙar kuza da narka shi tun kafin Bature ya san akwai kuza a ƙasar.

Abin da ya taƙaita wannan ciniki shi ne sufuri. Jaki ko takarkari ko ɗan dako ba zai ɗauki kaya mai nauyi mai araha ya yi tafiyar watanni da shi a ci riba ba. Don haka goro da tufafi da kanwa da fata ake kaiwa nesa, hatsi da gyaɗa kuwa a kusa ake cinye su.

Auduga aka nufa, gyaɗa ta fito

Sojojin Ingila sun yi yaƙi a Bebeji a farkon 1903 a kan hanyarsu daga Zariya, suka ci Kano a watan Fabrairu na wannan shekarar. Layin dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a watan Afrilun 1912. Ya ratsa ta ƙasar Kiru, inda aka yi tasha a Dangora.

Masu masaƙun Lancashire a Ingila, waɗanda suka kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga a 1902, suna cikin waɗanda suka matsa a gina layin. Sun ɗanɗana wahalar dogaro da audugar Amurka lokacin yaƙin basasar ƙasar na 1861 zuwa 1865, suna kuma fatan Arewa ta maye gurbinta. Lissafin bai fita ba. Masaƙan gida suna sayen auduga da tsadar da ta fi ta kamfanin Turawa, manomi kuma ba ya bukatar a koya masa wanda ya fi biya.

A daidai lokacin ne masana'antun Turai suka gano hanyar daskarar da man tsirrai don yin man shafa wa burodi da sabulu, sai bukatar gyaɗa ta tashi. Gyaɗa ta fi auduga dacewa da manomin Kano ta fuskoki da dama. Ana shuka ta tare da gero ko dawa, tana gyara ƙasa, harawarta abincin dabbobi ce, idan kuma farashi ya faɗi ana iya cin ta. A 1913 gyaɗar da aka fitar daga Najeriya ta kai kimanin tan 19,000, har buhuna suka cika tashar Kano jirgi ya kasa kwashewa. Ba da jimawa ba fari ya jawo yunwar 1913 zuwa 1914, wadda ake kira Kakalaba, ta nuna wa manoma hatsarin rage gonar hatsi saboda kuɗi.

Alhassan Dantata da fataken goro

Kamfanonin Turawa suna da kuɗi da jiragen ruwa, amma ba su san ƙauyuka ba. Waɗanda suka san su su ne tsofaffin fataken goro, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, masu yara da amintattu a kowace kasuwa. Su ne suka shiga ƙauyuka suna ba da kuɗi da gishiri da tufafi kafin damina, a biya su da gyaɗa da kaka.

Mafi shahara a cikinsu ɗan Bebeji ne. An haifi Alhassan Dantata a garin a 1877, a gidan Agalawa, mahaifinsa Madugu Abdullahi ne. Ya yi fataucin goro zuwa Gwanja, yana kuma cikin na farko da suka riƙa ɗauko goro ta jirgin ruwa daga Ankara zuwa Ikko maimakon bin ƙasa. A 1918 ya fara saya wa kamfanin Niger Company gyaɗa, kamfanin da daga baya ya shiga cikin UAC. Lokacin da ya rasu a 1955 ana ɗaukarsa a matsayin wanda ya fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma. Da sunansa ake danganta dalar gyaɗa, wato tulin buhunan da ake jerawa a Kano saboda jirgi ba ya iya kwashe amfanin shekara a kan lokaci. Dalar da aka mayar abin alfahari a hotuna, a asali alama ce ta ƙarancin taragu.

Abin da ya sauya a gida da gona

Gwamnatin mulkin mallaka ta daina karɓar wuri, ta ce a biya haraji da sule da fam. Wannan doka ita ce ta tura har wanda ba ya sha'awar kasuwa zuwa gaban sikeli. Lokacin karɓar haraji ya zo daidai da kaka, lokacin da gyaɗa ta fi araha, wanda kuma ya ci falle da damina ya riga ya sayar da amfaninsa tun yana gona. A shekarun 1930, da farashi ya karye a duniya, haraji bai sauka daidai da faɗuwar farashin ba, sai manomi ya ƙara yawan buhunan da yake sayarwa kafin ya fita.

Bauta ma ta mutu ne a hankali. Dokar Turawa ta 'yanta duk wanda aka haifa daga Afrilun 1901, amma ba a soke bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936. A tsakanin nan bayi da yawa a rinji sun yi amfani da kuɗin gyaɗa wajen biyan murgu da fansar kai. Gandu ya fara sassautawa, domin saurayin da ya samu kuɗi daga gayaunarsa ko daga cin rani yana iya biyan harajinsa da kayan aurensa ba tare da ya jira mai gida ba. Mata kuwa aikin ɓare gyaɗa ya hau kansu, amma sun riƙe sana'ar mai da ƙuliƙuli, wadda har yau tana hannunsu.

Masaƙa da marina ba su faɗi nan take ba, sun yi shekaru suna gogayya da akoko da atamfar kanti. Kaɗi ne ya fara ja da baya da zaren inji ya yawaita.

Ba ko'ina sauyin ya zo iri ɗaya ba. Gyaɗa ta fi son jigawa, irin ta arewa da gabashin Kano. Kudanci ya fi ruwan sama da ƙasa mai nauyi, saboda haka dawa da auduga da rake suka riƙe matsayinsu a wurare da yawa. Babban abin da yankin Tudun Wada da Doguwa ya samu shi ne mutane: da hare-hare suka ƙare, manoma daga ƙasar da ta cika kusa da birni suka gangaro suna sare daji. Haƙar kuza a Riruwai ta koma hannun kamfanoni, masu narkawa na gargajiya suka zama lebura, kuma tsakanin 1942 zuwa 1944 an yi ɗiban mutane na tilas daga lardunan Arewa zuwa ma'adinan Jos saboda yaƙin duniya na biyu.

Kwatanci da Amurka

Masana tarihi kan kwatanta irin wannan sauyi da abin da ya faru a Amurka a farkon ƙarni na 19, lokacin da mashigin ruwa na Erie, wanda aka buɗe a 1825, ya karya kuɗin dako ya haɗa manoman cikin ƙasa da kasuwar New York. A can ma iyalai sun bar saƙa a gida sun koma sayen yadi. Bambancin shi ne masaƙun da suka karɓe aikin suna cikin ƙasar, a garuruwa irin su Lowell, don haka riba da aikin yi suka zauna a gida. A Kano kuwa gona na nan, inji na Liverpool. Sai a shekarun 1940 aka fara matse gyaɗa da inji a Kano, masana'antun Bompai suka biyo baya, sannan na Sharaɗa da Challawa.

Hukumar ciniki da faɗuwar gyaɗa

Daga 1949 hukumar gwamnati ce ke yanka farashin gyaɗa, a 1954 kuma aikin ya koma hannun hukumar ciniki ta Jihar Arewa. Ana biyan manomi ƙasa da farashin duniya, rarar kuma ta tafi ga ayyukan gwamnati. A tsakiyar shekarun 1960 abin da hukumar ke saya ya kai kusan tan miliyan ɗaya a shekara, Najeriya ce kuma kan gaba a duniya wajen fitar da gyaɗa. Farin 1972 zuwa 1974, da cutar da ta cinye gonakin gyaɗa a 1975, da kuɗin man fetur da ya ɗauke hankalin gwamnati, su suka kawo ƙarshen dalar. An rushe hukumomin ciniki a 1986. Haƙar kuza a Riruwai ma ta durƙushe a shekarun 1980, lokacin da farashinsa ya karye a duniya.

Dam ɗin Tiga da noman rani

Zagaye na biyu na sauyin ya zo ta ruwa. Gwamnatin Audu Bako ta gina dam ɗin Bagauda, sannan na Tiga a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, wanda ke ɗaukar ruwa kusan kubik mita biliyan biyu. An tashi dubban mutane daga garuruwansu da fadamunsu. Mafi yawan gonakin da ruwan ke shayarwa kuma suna gaba, a Kadawa da Kura da Bunkure, yayin da masunta da manoman fadamar Hadeja da Nguru suka ga ambaliyar da suke dogaro da ita ta ragu.

Noman rani ya kawo alkama da tumatir da shinkafa, titin mota kuma ya karɓe aikin jirgi. Hanyar da ta tashi daga Kwanar Dangora ta bi ta Tudun Wada da dajin Falgore zuwa Saminaka ita ce ke fitar da masarar Doguwa da shinkafar Tudun Wada, wadda kasuwarta ta ƙara cika bayan rufe iyakokin ƙasa a 2019. A 2016 Aliko Dangote, tattaɓa-kunnen Alhassan Dantata ta wajen uwa, ya buɗe masana'antar sarrafa tumatir a Kadawa. Ta sha tsayawa tun daga lokacin, wani zubin saboda tsutsar da ke cinye tumatir, wani zubin kuma saboda manoma sun fi samun farashi a kasuwa fiye da ƙofar kamfani.