Me ya sa gaɓar korama ke zaftarewa? Amsar tana cikin kwanciyar ƙasa

Kowace damina, a Tawa da garuruwan arewacin Adar irin su Keita, Tamaske da Ibohamane, koramai na cin gaɓarsu, su tafi da gonaki, wani lokaci har da katangun gidaje. Jama'a kan ce ruwa ne ya yi yawa. Gaskiya ne, amma injiniyoyin da ke nazarin ƙasar gini sun gano wani dalili na biyu: ƙarfin ƙasa ba ɗaya ba ne ta kowace fuska.

Mai faskare ya san wannan a jikin icce. Idan ya bi tsawonsa da gatari sai ya tsage nan da nan, idan ya sara ta gicciye sai ya sha wuya. Haka ƙasa take. Lokacin da iska ko ruwa ke ajiye rairayi da laka, ƙwayoyin na kwantawa bisa faɗinsu, shimfiɗa kan shimfiɗa. Ƙasar na jure nauyin da ya danno ta daga sama, amma ƙarfin da ya bi layin shimfiɗar ya fi saurin zamar da ita.

Ana auna wannan a ɗakin gwaji da wani ɗan akwati mai ɓari biyu, wanda littattafan Faransanci ke kira akwatin Casagrande. Sai a zuba ƙasa a ciki, a ɗora mata nauyi, a riƙa tura ɓari ɗaya a hankali har ta yanke, a rubuta ƙarfin da aka sa. Injiniya Arthur Casagrande da abokin aikinsa Carrillo sun bayyana tun 1944 cewa bambancin ƙarfin iri biyu ne: wanda ƙasa ta samo daga yadda ta kwanta, da wanda nauyi ke haifarwa daga baya. A 1972 Masanobu Oda, ɗan ƙasar Japan, ya nuna cewa rairayi guda na ba da sakamako daban idan aka sauya fuskar da ake matsa shi.

Yau a birnin Grenoble na Faransa, masu bincike na ɗaukar hoton cikin rairayi da na'ura irin ta asibiti yayin da ake matsa shi. Irin wannan bincike ya nuna ƙwayoyin na jeruwa kamar ginshiƙai su ɗauki nauyin. Idan nauyin ya ƙaru sai ginshiƙan su lanƙwashe, motsin ya taru a wani siririn layi da kaurinsa bai wuce na ƙwayoyi 10 zuwa 20 ba. Ta wannan layi ƙasa ke sulalewa, kuma ruwan da ya cika tsakanin ƙwayoyi na rage riƙon da suka yi wa juna.

Wannan ya shafi Adar kai tsaye. Tun daga 1984, aikin raya karkara na Keita, da kuɗin Italiya da haɗin gwiwar hukumar FAO, ya gina madatsai da shingayen duwatsu don rage gudun ruwa, kuma mata ne suka yi mafi yawan aikin. Madatsar da aka tara da ƙasa tana da nata shimfiɗu. Shi ya sa ƙa'idar aiki ita ce a zuba ƙasar kaɗan-kaɗan, a jiƙa ta daidai gwargwado, a daddage ta, sannan a karce samanta kafin a ƙara wata, don kada a bar layi mai santsi a tsakani. Gwajin Proctor, wanda aka fito da shi a 1933, shi ke nuna yawan ruwan da ya dace.

Ga mazauna gari kuwa, haɗarin ya fi yawa inda ruwa ko masu ɗibar rairayi suka ƙwaƙule gindin gaɓa, domin abin da ke tokare shimfiɗun ne aka cire. Gaɓar kan tsaya a miƙe duk rani kamar ba abin da ya same ta. Tsagewar da ta bayyana a samanta, tana bin tsawon korama, alama ce ta cewa ƙasa ta soma motsi. Wanda ya ga haka kusa da gidansa ko gonarsa, ya dace ya janye yara da dabbobi daga wurin, ya sanar da ma'aikatar magajin gari tun ruwa bai sauka ba.