Zaɓen Rukuni ga Littafin Aikin Lambu a Kasuwannin Intanet

Rukuni shi ne sashen da ake ajiye littafi a kasuwar intanet domin mai saye ya same shi tare da ire-irensa. A shagon littattafai na cikin gari mai shago ne ke zaɓa wa kowane littafi kantar da zai zauna. Wanda ya wallafa littafinsa da kansa kuwa, shi wannan aiki ya hau wa kai, a lokacin da yake cike bayanan littafin kafin ya fita kasuwa. Littattafan aikin lambu suna cikin waɗanda wannan zaɓe ya fi yi wa tasiri, saboda masu sayensu ba abu ɗaya suke nema ba.

Tsarin rukunoni biyu ne suka fi yaɗuwa a duniyar ɗab'i. Na farko shi ne BISAC, wanda wata ƙungiyar masu harkar littattafai ta Amurka, Book Industry Study Group, ke kula da shi. Kowane rukuni a cikinsa yana da lamba mai haruffa uku da alƙaluma shida. Na aikin lambu duk suna farawa da GAR: lambar GAR000000 ta aikin lambu ce gaba ɗaya, GAR025000 kuma ta kayan lambu na ci. Akwai rassa na 'ya'yan itatuwa, da furanni, da ganyayen ƙamshi, da shuka a cikin tukwane, da noma ba tare da takin zamani ko maganin feshi ba. Na biyu shi ne Thema, wanda aka ƙaddamar a 2013 a bajekolin littattafai na Frankfurt a Jamus domin ƙasashe daban-daban su yi aiki da ma'auni ɗaya. A cikinsa aikin lambu yana ƙarƙashin WM, noma da kiwo kuma suna ƙarƙashin TV. Kamfanonin rarraba littattafai irin su IngramSpark suna tambayar marubuci irin waɗannan lambobi, su aika da su ga shaguna da ɗakunan karatu.

Amazon, wanda ya buɗe wa marubuta dandalinsa na wallafar kai a 2007, ya bi nasa tafarkin. A da marubuci yakan zaɓi rukuni biyu, sannan ya rubuta wa kamfanin ya nemi ƙari har zuwa goma. Daga 2023 aka rufe wannan ƙofa: yanzu rukuni uku kaɗai ake zaɓa, kai tsaye daga jerin sassan da masu saye ke gani a shafin. Littafin takarda da na lantarki (Kindle) kowanne da nasa ukun, kuma jerinsu ba iri ɗaya ba ne sak. Da gurbi uku kacal, babu wanda ya kamata a yi asararsa.

Tambayar da ya kamata ta riga kowace ita ce: wa aka rubuta wa littafin? A Amazon sashen aikin lambu yana ƙarƙashin babban sashen sana'o'in hannu da abubuwan sha'awa da harkokin gida. Mutanen da ke yawo a cikinsa galibi masu ɗan fili ne a bayan gida, ko masu tukwane a baranda, waɗanda ke shuka don nishaɗi da miyar gida. Littafin da ya yi bayanin noman tumatir na rani kamar yadda ake yi a Kadawa da Kura ta jihar Kano, ko noman albasa irin na Galmi a Nijar da Aliero a Kebbi, da lissafin taki da kuɗin man injin ban-ruwa da farashin kwando, littafin sana'a ne. Wurinsa sashen noma, ko da kuwa marubucin da duk mutanen garinsu lambu suke kiran wurin. Idan aka sa shi cikin masu tukwane, za su saya su ga ba nasu ba ne, su kuma bar sharhi mara daɗi da zai daɗe yana bin littafin.

Yanayin ƙasa shi ne abu na biyu, kuma a nan ne aikin lambu ya bambanta da girki ko ɗinki. Mai karatu a Amurka yana auna shawara da taswirar yankunan sanyi ta ma'aikatar noma ta ƙasarsu, wadda ta kasa ƙasar daga yanki na 1 zuwa na 13 bisa tsananin sanyin hunturu, aka kuma sabunta ta a 2023. Damuwarsa ita ce ranar da sanyi mai daskarar da ruwa zai wuce ya samu ya dasa. Mai lambu a Zinder ko Katsina ba ruwansa da wannan; damuwarsa zafin bazara, da iskar hunturu, da inda zai samu ruwa. BISAC ya tanadi rassa na yanayi, har da na hamada da na ƙasashe masu zafi, da kuma rassa na yankuna. Littafin da aka gina a kan ƙwarewar ƙasa mai ƙarancin ruwa zai fi samun masu bukatarsa a reshen hamada, inda mazauna Arizona da makamantansu ke neman dabarun tattalin ruwa.

Sai batun faɗi da ƙunci. Kowane rukuni yana da jerin littattafai ɗari da suka fi ciniki, ana kuma sabunta shi a kai a kai. A babban rukuni sabon littafi yana gogayya da na manyan kamfanonin ɗab'i da suka shekara suna sayarwa, da wuya ya leƙo shafin farko. A ƙaramin reshe, kamar na haɗa takin gargajiya ko na shuka a tukwane, ciniki kaɗan yana iya ɗaga shi sama. Littafin da ke ƙaramin reshe kuma yana cikin babban rukunin da ke samansa, don haka zaɓen "gaba ɗaya" ɓarnar gurbi ce. Hanya mai sauƙi ta gwaji ita ce marubuci ya buɗe rukunin, ya duba littattafai ashirin na farko, ya ga ko nasa zai yi kama da ɗan gida a cikinsu.

Wasu marubuta kan cusa littafi a rukunin da ba kowa, ba don ya dace ba, sai don su samu tambarin wanda ya fi ciniki. Ƙa'idar Amazon ta hana rukunin da zai yaudari mai saye, kuma kamfanin yana da ikon sauya wa littafi wuri. Ko da ba a kama ba, ribar ba ta taka kara ta karya ba, domin shafin yana nuna littafi ga mutane ne bisa abin da masu sayensa na baya suka saya.

Abin da rukuni bai ɗauka ba, kalmomin bincike ke ɗauka. Amazon yana ba da gurbi bakwai, a nan ake sa sunan tsiro kamar zogale ko kuɓewa ko yakuwa, da irin ƙasa, da matsayin mai karatu, ɗan koyo ne ko gwani. Rukuni da kalmomin duka ana iya canza su bayan wallafa, sauyin yakan ɗauki har kwana uku kafin ya bayyana. Masu sayarwa ga Turai da Amurka sukan yi wannan gyara a Disamba ko farkon Janairu, kafin masu lambu a can su fara sayen iri da littattafan shirin sabuwar shuka.