Ayilan: ƙasar da ake tambayar wanda ya ƙi shan giya dalilinsa

A kowace shekara, da zarar an gama shagulgulan Kirsimeti da na sabuwar shekara, mutane da dama a ƙasar Ayilan, wadda Faransawa ke kira Irlande, sukan ɗauki niyyar ajiye kwalba har ƙarshen watan Janairu. Wata ƙungiyar Birtaniya mai suna Alcohol Concern ce ta fara wannan gangami a 2013, ya bazu zuwa maƙwabta, har ya isa Faransa a 2020 da sunan Défi de janvier. Kwana 31 ne kacal. Amma ga mutumin Dablin ko na Cork, abin da ya fi wuya a kwanakin nan sau da yawa shi ne tambayar abokai: lafiya kuwa?

A wurare da yawa da masu karatunmu ke zaune, mai shan giya ne ke ɓuya, shi ne ke neman uzuri. A Ayilan abin a juye yake. Namiji ya nemi lemo a mashaya, sai a tambaye shi ko mota zai tuƙa, ko magani yake sha. Mace kuwa, sai a fara raɗa cewa juna biyu gare ta. Har ta kai ga «likita ya ɗora ni a kan magani» ta zama sananniyar ƙarya da mutum ke yi don a ƙyale shi da ruwansa.

Dalilin yana cikin matsayin mashaya a rayuwarsu. A ƙauyen Ayilan mashaya ce majalisa: nan ake jin labarin gari, nan ake kallon wasa, nan makaɗa ke haɗuwa, nan ake zarcewa bayan ɗaurin aure, bayan baftismar jariri, har ma bayan an dawo daga maƙabarta. Kuma shan yana da tsari. Idan mutum biyar suka zauna, ɗaya zai tashi ya sayo wa kowa, in an shanye na biyu ya tashi, haka har a zagayo. Wanda ya sha na mutane ya tafi bai sayo nasa zagayen ba, sunan marowaci ya bi shi ke nan. Wanda ya ce shi kam ya ƙoshi a zagaye na biyu, ya ɓata lissafi. Ta haka mutumin da ya fito da niyyar shan kofi biyu yakan koma gida da biyar a cikinsa, ba don ƙishirwa ba sai don kunya.

Hukumar lafiya ta ƙasar, HSE, tana auna sha da giram 10 na tsantsar barasa a matsayin awo ɗaya. Shawararta ita ce kada namiji ya wuce awo 17 a mako, mace kada ta wuce 11, kuma a bar aƙalla kwana biyu ba a sha ba. Babban kofin giya na mashaya, wanda ya ɗan haura rabin lita, awo biyu ne. Awo shida a zama ɗaya kuwa, a ma'aunin likitoci, shi ne shan wuce kima. Wato kofi uku. A zaman mutum biyar da muka ambata, tun kafin a zagayo an riga an wuce iyaka, alhali a ganin masu zaman hira ce kawai aka yi.

Ƙasar mashaya, ƙasar masu rantsuwa

Abin da baƙi ba su cika sani ba shi ne, ƙasar da ta yi suna da giyar Guinness ta kuma yi suna da ƙauracewa giya. Arthur Guinness ya karɓi hayar masana'antarsa ta St James's Gate a Dablin a 1759, da yarjejeniyar shekara 9,000, kuma baƙar giyar tasa ta iso yankinmu tun tuni: an kafa masana'antarta a Ikeja ta Legas a farkon shekarun 1960, daga baya a Duwala da Kumasi. To amma a 1838, a birnin Cork, wani limamin Katolika mai suna Theobald Mathew ya sa hannu a takardar alkawarin barin giya har abada, ya shiga yawon gari gari yana karɓar irin wannan alkawari daga jama'a. Cikin ƴan shekaru miliyoyin mutane suka ɗauka, a tsibirin da a lokacin yake da mutum miliyan 8 da ɗoriya. Gangamin ya yi sanyi a zamanin babbar yunwar da ta faro a 1845, amma mutum-mutumin Mathew yana nan tsaye a Cork da Dablin.

A 1898 wani limamin, James Cullen, ya kafa ƙungiyar Pioneer a Dablin. Mambobinta suna maƙala ƙaramin bajo a ƙirji, alamar sun bar giya muddin rai. A shekarun 1950 sun kai dubban ɗaruruwa. Bajon nan yana da wani amfani da ba a rubuta a kundin ƙungiyar ba: yana amsa tambaya tun kafin a yi ta. Duk wanda ya gan shi ba zai matsa maka da tayi ba. Haka kuma yara ƴan kimanin shekara 12 sun daɗe suna ɗaukar alkawari a coci cewa ba za su taɓa giya ba sai sun kai 18, ko da yake kowa a ƙasar ya san yadda alkawarin ke ƙarewa ga mafi yawansu.

Ita ma doka ta bi wannan sahu. Dokar 1927 ta rufe mashayu a ranar Kirsimeti, da Juma'ar da ke gabanin Ista, da ranar 17 ga Maris ta Waliyyi Patrick. Wato ranar da duniya ta sani yau da shaye-shayen ƴan Ayilan, a da mashayunsu a kulle suke wuni guda, sai a farkon shekarun 1960 aka ɗage. Haramcin Juma'ar kuwa ya kai har 2018.

Abin lura a tarihin nan shi ne babu tsaka-tsaki. Ko dai kai mashayi ne cikakke, ko kai mai bajo ne. Mutumin da yake sha amma ya ce zai huta, bai da suna a tsohon tsarin, in ban da a lokuta biyu da coci ta ba shi mafaka: azumin kwana 40 kafin Ista, da watan Nuwamba, wanda wasu ke barin giya a cikinsa don tunawa da mamatansu. Hutun Janairu na yau ya gaji wannan gurbi ne. Coci ta rasa ƙarfinta na da a Ayilan, amma buƙatar uzurin da jama'a za su karɓa tana nan, sai kalanda ta maye gurbin limami. Idan kowa ya san Janairu ne, ba sai ka yi ƙaryar magani ba.

Me wata ɗaya ke yi wa jiki?

Wani bincike da likitocin asibitin Royal Free na Landan suka wallafa a 2018 ya bi mashaya da suka huta na wata guda, ya ga hawan jininsu ya sauka, nauyinsu ya ragu, kuma jikinsu ya fi iya sarrafa sukari. Masu hutun sukan ambaci barci mai daɗi da kuɗi a aljihu. Sai dai wata ɗaya ba ya goge sha na watanni 11, kuma wanda ya shiga Fabrairu da ramuwar gayya bai ci ribar komai ba. Babban amfanin hutun shi ne gwaji: mutum ya gane ko shi ke riƙe da kwalba ko ita ke riƙe da shi.

A nan akwai gargaɗin da bai kamata a tsallake ba. Wanda jikinsa ya riga ya saba, yana sha kullum da yawa, har hannunsa na rawa da safe in bai sha ba, tsayawa farat ɗaya na iya jawo masa farfaɗiya da ruɗewar hankali, har ma mutuwa. Irin wannan mutum sai da kulawar likita.

Alƙaluma sun nuna ƙasar na sauyawa. A 2001 abin da kowane baligi ke sha a shekara ya kai kimanin lita 14 na tsantsar barasa. A 2023 ya sauko ƙasa da lita 10. Mashayu sama da 2,000 sun rufe tun daga 2005, galibi a karkara, inda tsaurara dokar tuƙi cikin maye da tsadar rayuwa suka rage ciniki. Wani ɓangare na shan ya koma gida ne kawai, da giyar kanti mai araha, shi ya sa dokar 2018 ta nufi kantuna: dole a keɓe barasa daga sauran kaya, an hana tallarta a motocin haya na gwamnati da kusa da makarantu, kuma daga Janairun 2022 ba a sayar da giram ɗaya na barasa ƙasa da santi 10 na yuro. Kwalbar ruwan inabi ta yau da kullum ba za ta yi ƙasa da yuro 7.40 ba, kimanin sefa 4,850. Dokar ta kuma tanadi rubuta gargaɗin cutar daji da ta hanta a jikin kowace kwalba. An tsara farawa a 2026, amma gwamnati ta ɗage zuwa 2028 saboda fargabar abin da hakan zai yi wa cinikinta da Amurka.

Su kuwa kamfanoni sun gano kasuwa a cikin kunyar da muka fara da ita. Tun 2021 Guinness 0.0, wadda babu barasa a cikinta, ta shiga mashayun ƙasar, baƙa wuluk da farin kumfa a sama, a kofi iri ɗaya da ta asali. Mai hutu yana iya zama cikin zagaye, ya sayo nasa in layi ya zo kansa, ba wanda zai tambaye shi ko lafiya. Masu fafutukar kiwon lafiya, irin su ƙungiyar Alcohol Action Ireland, suna kuka da cewa sunan da tambarin duk ɗaya ne, don haka tallar da doka ta kora daga tashar mota da filin wasa ta dawo ta bayan gida, da ɗan ƙaramin 0.0 a gefe.